Zane da adon tayil a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa: tambayoyin da 'yan Kaduna suka fi yi

Tun da hotunan tashoshin Mosko da Landan da Tashkent suka fara yawo a wayoyinmu, tambayoyi kusan iri ɗaya ke ta dawowa daga ɗaliban zane, da masu ɗora tayil, da masu fenti, da 'yan uwanmu da suka je karatu Masar ko Rasha ko Ingila suka gano wa idonsu. Ga waɗanda aka fi maimaitawa. Kowace amsa ana iya karanta ta ita kaɗai, amma inda wata ta taɓo wata an nuna.

Wane irin ado ake magana a kai, kuma a ina yake a cikin tashar?

Jirgin ƙarƙashin ƙasa jirgin cikin gari ne da ke bin rami a ƙasan tituna da gidaje. Fasinja yana sauka ta matakala har ya isa dandamalin da ake tsayawa jiran jirgi. A nan bango biyu ne ke gabansa da bayansa, wanda yake jingina da shi da kuma wanda ke ƙetaren layin dogo, sannan ga rufi a sama. Waɗannan wurare uku su ake yi wa ado.

Adon yakan zo iri uku. Akwai ƙaramin tambari da ake yi da tayil, a maimaita shi daga wannan kai zuwa wancan kai na dandamali. Akwai babban zanen bango guda ɗaya mai tsawon gaske, wani ya kai mita 100. Sai mozayik, wato hoton da ake haɗawa da dubban ƙananan gutsattsarin gilashi ko dutse ko tayil, kowane bai fi kan ɗan yatsa ba.

Muna da irin wannan jirgi a Kaduna, ko wani wuri a Najeriya?

Babu. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016, mai tashi daga Idu ya tsaya a Rigasa, a saman ƙasa yake tafiya, nisan kilomita 186. Jirgin cikin gari na Abuja da na Legas su ma a sarari suke, wani wuri ma a kan gada. Alhazanmu da suka hau jirgin da ke kai mahajjata tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, shi ma a sama yake. A Afirka, Alƙahira ce ta fara samun na ƙarƙashin ƙasa a 1987, babban birnin Aljeriya ya biyo a 2011.

Wannan bai mayar da zancen na banza a wurinmu ba, domin darasin yana aiki a kan kowane bangon da jama'a ke tsayawa kusa da shi suna jira. Duba amsar da ke magana kan tambarin unguwannin Kaduna can ƙasa.

Mutum minti biyu ko uku zai yi a wurin. Me ya sa ake kashe kuɗi a ƙawata shi?

Domin adon aiki yake yi. A nan Kaduna idan za ka kwatanta wa baƙo gida, cewa kake yi ya sauka daidai gidan mai, ya yi kwana wajen bishiyar mangwaro, ya duba gida mai jan ƙyaure. A ƙarƙashin ƙasa duk babu waɗannan. Ba rana, ba gabas ba yamma, rami ɗaya kamar ɗan uwansa. Fasinjan da ke cikin jirgi a cunkushe, ɗan abin da yake hangowa ta taga bai wuce faɗin tafin hannu biyu na bango ba, kuma da wannan ne zai gane ko ya iso.

Waɗanda suka gina tashoshin farko sun gane haka da wuri. Landan ta buɗe layinta na farko a 1863, amma a 1906 da 1907 ne wani matashin mai tsara gine-gine, Leslie Green, ya ba kowace tashar da ya tsara launi da salon jerin tayil nata na kanta, ta yadda wanda bai iya karatu ba zai gane tasharsa da ido. A New York, cikin shekarun 1930, Squire Vickers ya tsara launin tayil na sababbin layukan birnin yadda launi zai canza duk lokacin da aka iso babbar tashar da jirgi mai sauri ke tsayawa. Birnin Meksiko ya fi kowa fito da manufar fili. Da aka buɗe jirginsa a 1969, Lance Wyman ya zana wa kowace tasha alama guda mai sauƙin ganewa: ƙwaron fara ga tashar Chapultepec, agwagwa ga Candelaria. Baƙauyen da ya shigo birni ba ya buƙatar harafi ko ɗaya, cewa kawai za a yi masa ya sauka a agwagwa.

Akwai kuma maganar haske da kwanciyar hankali. Lokacin da Paris ta buɗe nata a 1900, ƙwayayen lantarki ba su da ƙarfi, sai aka lulluɓe tashoshin da farin tayil mai gefe a dakushe, wanda ke karɓar ɗan hasken da ake da shi ya watsa ko'ina. Mutum yana jin tsoron rami a ɗabi'arsa. Wuri mai haske da tsabta, wanda aka ga alamar an kula da shi, yana rage wannan fargaba.

Me ya sa tayil ne aka fi amfani da shi? Fenti ai ya fi araha.

Ya fi araha ranar da aka shafa shi. Tashar ƙarƙashin ƙasa wuri ne mai wahalar da bango. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa ta bayan bango. Birkin jirgi da ƙafafunsa suna goga ƙarfe da ƙarfe, suna fitar da baƙar ƙura mai manne wa komai. Jirgi yana turo iska da ƙarfi duk shigarsa, bangon kuma yana girgiza. Ga dubban kafaɗu da jakunkuna suna goga shi kullum. Fenti a irin wannan wuri kumbura yake yi ya ɓare.

Shi kuwa tayil yumɓu ne da aka gasa a zafin da ya haura digiri 1,000, launinsa yana ƙarƙashin wani siririn rufi na gilashi da ya narke ya kama jikinsa. Shi ya sa ba ya koɗewa, ana wanke shi da ruwa da sabulu, idan ɗaya ya fashe a cire shi kaɗai a sa wani. Nau'in da ya fi ƙarfi bai shan ruwan da ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Kuma ba ya cin wuta, abin da ya fi komai muhimmanci a rami. Gobarar tashar King's Cross ta Landan a Nuwambar 1987, wadda ta tashi a ƙarƙashin matakalar lantarki ta katako, ta kashe mutum 31, bayanta kuma aka tsaurara doka kan irin kayan da za a iya sakawa a tashoshin ƙarƙashin ƙasa. Banda tayil, ana amfani da farantan ƙarfe da aka narka wa gilashi mai launi a kai, su ma saboda wannan dalili.

Akwai birnin da ya bi hanyar fenti ya kuma ci nasara. Yana cikin amsar Stockholm, babban birnin Sweden.

Ana yawan ambaton layin Victoria na Landan. Mene ne abin koyi a cikinsa?

Sauƙinsa. An buɗe tashoshinsa 16 tsakanin 1968 da 1972, bangayensu duk tayil ne mai ruwan toka, babu wani armashi. Sai aka bar ɗan lungu a bayan kowane bencin zama, aka ba wasu masu zane aikin cika lungun da tambari guda da ya dace da unguwar. Shi ke nan. Ba a taɓa sauran bangon ba.

A Blackhorse Road baƙin doki ne, aikin Hans Unger. Shi ne kuma ya yi bishiyoyi bakwai na Seven Sisters da tulin bulo na Brixton. Tom Eckersley ya yi wa King's Cross kambun sarauta biyar a jere kamar gicciye, ya yi wa Finsbury Park ƙananan bindigogi biyu a harɗe, ya kuma yi wa Euston hoton wata babbar ƙofar dutse da ke gaban tsohuwar tashar, wadda aka rushe a farkon shekarun 1960 duk da ƙorafin jama'a. Ƙofar ta tafi, amma tana nan a tayil. Edward Bawden ya zana kan Sarauniya Victoria a tashar da ke ɗauke da sunanta, da ɗan kwalekwalen fito a Tottenham Hale, saboda kogin da ke kusa.

Na fi son a nuna wa ɗalibanmu wannan layi kafin a nuna musu Mosko. Kowane tambari launi biyu ne ko uku, ana gane shi daga cikin jirgi yana gudu, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Yau fiye da shekara 50 ke nan suna aiki.

To Mosko fa? Me ya sa tashoshinta suka yi kama da fada?

Da gangan aka yi haka. An buɗe jirgin a Mayun 1935, zamanin shugaba Stalin, gwamnatin Tarayyar Sobiyet kuma tana son ta nuna wa duniya cewa lebura ma ya cancanci marmara da fitilun alfarma. Tashar Mayakovskaya ta 1938 tana da mozayik 34 a rufinta, aikin Alexander Deyneka, kowanne yana nuna sararin sama kamar an huda rufin: jirgin sama, reshen bishiya mai fure, mai dirowa da lema. A Komsomolskaya ta 1952 Pavel Korin ya jera jaruman yaƙin Rasha a rufi mai ruwan zinariya. Novoslobodskaya, ita ma ta 1952, tana da allunan gilashi mai launi guda 32 da ake haskawa ta baya.

Kyau kam a zo a gani. Amma tarihin yana da gargaɗi a ciki. Bayan mutuwar Stalin an bi an cire fuskarsa daga hotunan da ke ɗauke da ita, a 1955 kuma shugaba Khrushchev ya haramta almubazzaranci a gine-gine, sai tashoshin da suka biyo baya suka fito fayau ba ado. Zanen da aka ɗora a kan fuskar mai mulki yana tafiya tare da mulkinsa. Duk mai tsara bangon jama'a a wurinmu ya kamata ya riƙe wannan kafin ya yarda a sa masa hoton wani mai riƙe da kujera a tayil.

An ce Stockholm fenti ta yi amfani da shi. Yaya abin ya yiwu?

Ƙasar wurin dutse ce mai tauri. A wasu tashoshin da aka buɗe a 1975 ba a gina bango ba sam. An fasa dutsen, an fesa masa kankare, an bar shi da tudu da kwarinsa kamar kogo, sannan masu zane suka hau shi da fenti. A T-Centralen, Per Olof Ultvedt ya yi shuɗin ganye a kan fari, ya kuma zana inuwar ma'aikatan da suka haƙa tashar, da masu walda da kafintoci, a rufi. Solna Centrum sama ja ce jawur, ƙasa kuma koren daji. Cikin tashoshin birnin 100, fiye da 90 suna da aikin mai zane. Abin lura shi ne fentin yana rayuwa ne saboda akwai hukumar da ke bibiyarsa tana sabuntawa. Inda babu wannan kulawa, a koma ga tayil.

Hoton mai rai fa? Wannan ado ba zai ci karo da addini ba?

Tambaya ce mai nauyi, kuma hukuncinta na malamai ne, a tambaye su. Abin da za a iya faɗa ta fuskar sana'a shi ne cewa wannan fasaha ba ta dogara da hoton mutum ko dabba ba ko kaɗan, kuma wasu daga cikin mafi kyawun tashoshi babu mai rai ko ɗaya a bangonsu.

Lisbon, babban birnin Fotugal, ta buɗe jirginta a ƙarshen 1959 da ɗan kuɗi kaɗan. Maria Keil ta lulluɓe tashoshin farko da tayil mai da'ira da layuka da kusurwoyi, tana juya tayil iri ɗaya ta fuskoki daban-daban har ya ba da sabon salo. Sana'ar tayil ta wannan yanki kuwa tushenta yana komawa ga Musulmin Andalus da Arewacin Afirka. A Tashkent ta Uzbekistan, inda aka buɗe jirgi a 1977, tashar Alisher Navoi tana da rufi mai ƙubbobi a jere da zanen furanni irin na tsofaffin masallatai da makarantun ƙasar, tashar Paxtakor kuma furen auduga ne shuɗi da kore ya cika bangonta. A tashar Concorde ta Paris, Françoise Schein ta yi amfani da haruffa zalla a 1991: kowane farin tayil harafi ɗaya, a haɗe suna rubuta sanarwar 'yancin ɗan Adam ta 1789.

Shawara guda kan rubutu. Bangon tasha wuri ne da ake jingina, ake tofa yawu, ƙura da datti suke hawa. Ayar Alƙur'ani ko ta Littafi Mai Tsarki ba wurinta ba ne nan. Kuma a gari irin Kaduna, inda Musulmi da Kirista ke tsayawa layi ɗaya, adon da kowa zai kalla ya ji nasa ne shi ya fi dacewa.

Wa ke zaɓar mai zanen, wa kuma ke biya?

Hukumar sufurin birnin ce ke biya, yawanci daga cikin kuɗin ginin tashar. New York ta kafa sashen fasaha a hukumar jiragenta a 1985, ana ware kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gyaran tasha don aikin zane, kwamiti kuma ya zaɓi mai zane, tare da wakilan unguwar. Stockholm tun cikin shekarun 1950 take shirya gasa. Abin da ya haɗa su shi ne ana shigo da mai zane tun ana kan takarda, tare da injiniya da mai tsara gini. Idan sai an gama gini aka kira shi, abin da zai samu shi ne ragowar bangon da allon talla da wayar lantarki suka bari.

Yaya aikin yake tafiya daga takarda zuwa bango?

Mai zane yana fara da ƙaramin zane, sai a ja masa layuka a raba shi gida-gida daidai da girman tayil ɗin da za a yi amfani da shi. Idan tambari ne, ana buga launin a kan ɗanyen tayil ko a shafa da hannu, a mayar da shi tanderu. Launi kafin gashi da bayan gashi ba ɗaya ba ne, don haka sai an gasa na gwaji, a kai shi tashar a duba a ƙarƙashin irin fitilar da za ta haska shi. Kowane tayil ana rubuta masa lamba a baya.

Mozayik ya fi cin rai. Ana buɗe zanen a girmansa na gaskiya a ƙasan ɗakin aiki, a yanka gutsattsarin gilashin ɗaya bayan ɗaya, a manna su a kan raga ko takarda, a yanka aikin gunduwa-gunduwa yadda mutum biyu za su iya ɗauka, a kai tasha a haɗa. Yawancin ɗorin da dare ake yi, a 'yan awannin da jirgi ba ya aiki.

Wani lokaci ƙaramin abu ne ake faɗaɗawa. Zanen David Gentleman na 1979 a tashar Charing Cross ya kai mita 100, amma asalinsa ƙananan sassaƙa ne a kan katako, aka buga, aka ƙara musu girma. Abin da ya zana ya burge ni fiye da dabarar: masu fasa dutse, masu kwaɓa, masu ɗauko kaya, magina, wato leburorin da suka gina wata hasumiyar tunawa a wurin a ƙarni na 13.

Me ke lalata irin wannan ado, kuma ana iya ceto shi?

Ruwan da ke bayan bango shi ne babban abokin gaba, domin yana narkar da gishirin da ke cikin siminti ya turo tayil waje. Na biyu shi ne gyara. Sau da yawa ba tsufa ke kashe adon tasha ba, ɗan kwangilar da ya zo faɗaɗa ta ne. A Tottenham Court Road ta Landan akwai mozayik na Eduardo Paolozzi da aka kammala a 1986, kusan murabba'in mita 1,000, cike da ƙafafun inji da kyamara da kayan busa, saboda shagunan kayan lantarki da na kiɗa da ke unguwar a lokacin. Da aka zo sake gina tashar an yi nasarar tsare kusan kashi 95 cikin ɗari, amma an cire na saman matakala a 2015, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya aka kai gutsattsarin Jami'ar Edinburgh.

Abin da ke sa ceto ya yiwu abu uku ne: a ajiye asalin zanen, a ɗauki hoton kowane ɓangare, a kuma ɓoye rarar tayil daga gashin farko, domin launin da aka gasa bayan shekara 20 da wuya ya zo daidai.

Mu Hausawa muna da wani abu makamancin wannan?

Muna da shi, kuma ya girmi jirgin ƙasa. Duk wanda ya shiga birnin Zariya ya ga ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ko ya bi lungunan cikin gari ya ga fuskar tsofaffin gidaje, ya san maginan Hausa sun daɗe suna sa bango ya yi magana. Suna zana dagi da takobi da gatari da sauran siffofi a kan ɗanyen yaɓe da hannu, su shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa kada ya ci. A tsakiyar ƙarni na 20 har keke da mota da jirgin sama sun hau bangon attajirai. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ginshiƙansa da bakan-gizonsa suna ɗauke da zane mai zurfi da har yau masana gini ke zuwa kallo.

Kuma zanen gidan Bahaushe yana yin aikin da tambarin tasha ke yi, yana faɗa wa mai wucewa gidan wane ne, mece ce sana'arsa, yaya ƙarfinsa. Ga aska takwas a babbar riga, ga zanen hula, da faifai, da sassaƙar ƙwarya, da lalle. Duk siffofi ne masu maimaituwa, kuma irinsu ne tayil ya fi karɓa. Ta ɓangaren yumɓu ma ba mu zo hannu rabbana ba: gumakan Nok da aka gasa fiye da shekara 2,000 da suka wuce daga kudancin jihar nan aka fara tono su, Ladi Kwali kuma da ke bayan takardar naira 20 da tukwane ta yi suna. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan, inda tun 1958, kafin makarantar ta zama jami'a, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka dage cewa mai zanen Najeriya ya ɗebo daga gida.

Da za a yi wa unguwannin Kaduna tambari irin na layin Victoria, me za a zana, kuma a ina za a sa?

Wurin sakawa ba ya wuya. Akwai tashar Rigasa da ƙananan tashoshin hanya irin su Kakau da Rijana da Jere, da tsohuwar tashar cikin gari, da ginshiƙan gadar Kawo, da tashoshin mota, da rumfunan jiran bas, da ƙofofin kasuwa. Duk wuraren jira ne, duk kuma akwai masu bi ta cikinsu da ba sa karanta boko.

Abin zanawa kuwa garin ya riga ya tanada. Unguwar Rimi bishiyar rimi da saiwoyinta masu fuka-fuki. Kurmin Mashi mashi. Unguwar Shanu ƙaho biyu, ba sai an zana saniyar ba, wanda ya warware damuwar da aka taɓo a amsar hoton mai rai. Panteka guduma da uwar maƙera. Kakuri zare da ƙoshiya, don tunawa da masaƙun da suka fara da kamfanin yadi na Kaduna a 1957 suka ciyar da dubban gidaje. Tsohuwar tashar jirgi ƙafar jirgi, tunda layin Baro zuwa Kano na 1911 yana cikin abin da ya haifi garin. Wajen Gamji gadar ƙarfen nan ta Lugard da aka kwaso daga Zungeru. Kogin Kaduna layuka uku masu lanƙwasa sun ishe shi. Idan aka nufi Kafanchan, ga ruwan Matsirga, ga citta.

Ƙa'idar da zan dage a kai ita ce kada a cika. Siffa ɗaya, launi biyu ko uku, babba yadda za a gane ta daga cikin Keke Napep yana tafiya. Kuma a tambayi mutanen unguwa kafin a zana, musamman dattawa. Dagi yana da kyau, amma idan aka manna shi a kowace tasha ya daina bambanta wuri da wuri, aikin da aka sa shi kuma ya faɗi.

Ni mai ɗora tayil ne a Tudun Wada, ba ni da tanderu. Ta ina zan fara?

Ɗan uwa, fara da abin da kake zubarwa. Fasasshen tayil da ragowar yanka da ke taruwa bayan kowane aiki, wanda wasu ke shimfiɗawa a tsakar gida barkatai, shi ne kayan mozayik. Ka ware shi launi-launi a buhu. Ka samu ɗalibin zane ya fitar maka da siffa guda mai sauƙi a kan kwali, mita ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ka gwada a katangar gidanka ko ta shagonka kafin ka nemi aikin kowa.

Ka kula da waɗannan. Filasta ta bushe sarai, kuma bangon kada ya zama mai jan ruwa daga ƙasa. A waje ka yi amfani da gam ɗin tayil mai kyau, ka shafa shi ya cika bayan kowane gutsure, domin duk ramin da ka bari ruwan damina zai shiga ya zauna. Gutsattsarin su zama kaurinsu ɗaya, in ba haka ba fuskar aikin za ta yi tudu da kwari ta riƙe ƙurar hunturu. Ka goge bakin da ke da kaifi saboda hannun yara. Wajen cike tsakani, farin siminti yana saurin yin datti a bakin titi, mai ruwan toka ko mai duhu ya fi rufa asiri, yana kuma fito da launi. Idan bangon dogo ne ka bar 'yar tazara mai laushi bayan kowane 'yan mitoci, saboda zafin Maris da Afrilu yana buɗa bango, sanyin Disamba ya tsuke shi. Ka bar aikin ya sha damina ɗaya da hunturu ɗaya, sannan ka ɗauki hotonsa ka nuna wa masu makarantu da masallatai da coci-coci da shugabannin tasha.

Idan Allah ya kai ni ɗaya daga cikin biranen nan, yaya zan kalla, kuma ana barin ɗaukar hoto?

Tikiti ɗaya yakan isa ka sauka a tasha ka kalla ka hau jirgi na gaba, muddin ba ka fita ta ƙofa ba, sai dai wasu biranen suna ƙayyade lokacin da za ka yi a ciki. Ka guji safiya da yamma lokacin cunkoso. Ka kalli adon sau biyu, daga cikin jirgi yana shigowa don ka ga ko yana sanar da kai inda kake, sannan ka matsa kusa ka duba yadda aka haɗa tayil da tayil, da inda aka yi gyara. Kada ka ƙetare layin da aka ja a bakin dandamali don neman hoto.

Dokar hoto ta bambanta daga gari zuwa gari. A Landan ana barin hoton waya na ƙashin kai, amma an hana walƙiyar kyamara saboda idon direba, an kuma hana kafa kyamara a kan ƙafafu. Tashkent ta hana hoto gaba ɗaya shekaru da dama, sai a 2018 aka ɗage. Ɗalibanmu da ke Alƙahira, inda tashar Sadat ta ƙarƙashin dandalin Tahrir ke da ado irin na tsohuwar Masar, su fara tambayar jami'in tasha kafin su ɗaga waya.